An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Akwai wani kuka da ya zama yayi a bakin manyanmu 'yan boko, ana yin sa a ɗakin lacca, ana kuma yin sa a gindin bishiya bayan La'asar. Kukan shi ne wai wasannin kwamfuta sun lalata samarin karkara, sun kashe dambe da kokawa. Wai yaron da kakansa ya ɗaure hannu ya shiga fage, yau ga shi can a shagon gem a gefen kasuwa, ya ƙura wa talabijin ido, yana danne-danne don wani zanen mutum ya naushi wani zanen mutum. Na ji wannan magana daga bakin malamai, na ji ta daga bakin ɗalibai 'yan'uwana, kuma duk wanda ya faɗe ta sai ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya. To, ni ban yarda da ita ba. Abin da na gani shi ne an bar jaki ana dukan taiki. In akwai mai laifi a kan halin da dambe yake ciki, to, mu ne masu alƙalami, kuma waɗannan masu danne-danne da muke rainawa suna da darasin da za su koya mana.

Bari mu fara da ƙasar da ake wa kukan. Ni ɗan arewacin Kano ne, kuma duk wanda ya bi hanyar Dambatta ko ta Bichi, ko ya ratsa ƙasar Minjibir da Ungogo da Dawakin Tofa da Makoɗa, ya san irin zaman da ake yi a can. Gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, ba daji, ba saura. Abin da ya raba gonar wani da ta wani ɗan layin gamba ne ko jan kunne na lalle. Ana noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da takin dabbobi da sharar birni, wadda tun zamanin kakanni jakuna ke ɗaukowa. Wannan cunkoso shi ya ja hankalin Bature Michael Mortimore, har shi da abokin aikinsa suka wallafa nazari a kan wannan yanki a 1965. A irin wannan ƙasa noma kaɗai bai taɓa riƙe gida ba. Kowane magidanci yana da sana'ar rani: wani saƙa, wani jima, wani ƙira, wani fatauci, wani fawa.

Daga cikin masu fawa dambe ya fito. Wasan mahauta ne tun asali, shi ya sa kalangu, gangar mahauta, ita ce gangarsa. Lokacinsa kaka, bayan an yanke gero da dawa, rumbu ya cika, aljihu ya yi ɗan nauyi, ana ɗaurin aure ko'ina. Rundawa su taso ƙungiya guda da makaɗansu, su sauka wannan gari yau, gobe su wuce na gaba, kuma da yake garuruwan kusa suke da juna, ƙafa ta isa. Ɗan dambe ya naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, ya ɗaure da zare tamau, wannan shi ne mashi. Ɗaya hannun ya miƙa shi gaba a buɗe, shi ne garkuwa. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, a yaren fage. In an yi turmi uku ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa, a raba su.

To, me ya canza? Gonar da mutum ɗaya ya noma a zamanin da Mortimore ya zagaya, yau an raba ta gado sau biyu ko sau uku. Saurayin da rabonsa bai wuce 'yan kunyoyi ba, ba zai zauna jiran kaka ba. Kafin a gama girbi ya tafi Kano ko Abuja ko Legas, yana dako a kasuwar Dawanau, ko tuƙa adaidaita sahu, ko tura baro. Da samari suka koma birni, dambe ya bi su. Yanzu an kewaye shi da langalanga, an sa mai yankan tikiti a ƙofa, ana yin sa rani da damina, kamar yadda ake yi a Sabon Garin Kano da Dei-Dei ta Abuja. 'Yan wasa sun kasu ɓangare uku, Arewa da Kudu da Guramaɗa, kowane ɓangare da magoya bayansa. Watau dambe bai mutu ba, ƙaura ya yi, kuma ƙarancin gona da neman abinci su suka kore shi daga ƙauye tun kafin a kai na'urar PlayStation ta farko kowace kasuwar ƙauye. Bugu da ƙari, duk wanda ya leƙa shagunan gem ɗin nan ya san ƙwallon ƙafa yara suka fi bugawa. Amma da yake masu kukan ba su taɓa leƙawa ba, ba kuma su taɓa sayen tikitin gidan dambe ba, sai suka haɗa abu biyu da ba su sani ba suka yanke hukunci.

Tun da haka ne, ya kamata mu san mene ne wannan wasan faɗa da ake zargi. Mutum biyu ne ke zama gefe da gefe, kowa ya zaɓi gwarzo ɗaya daga cikin waɗanda aka zana a wasan, kowane gwarzo da salon faɗansa. A saman allo akwai layi biyu masu nuna sauran ƙarfin kowa. Wanda layinsa ya ƙare ya faɗi, kuma bisa al'ada wanda ya ci turmi biyu cikin uku shi ya yi nasara. Kamfanin Capcom na Japan shi ya buɗe wannan kasuwa sosai da Street Fighter II a 1991. Mortal Kombat ya biyo baya daga Amurka a 1992, sannan Tekken na kamfanin Namco a 1994. A farkon al'amari a gidajen wasa ake buga su, inda mutum zai jefa tsabar kuɗi a na'ura. Wanda ya ci ya ci gaba da zama, wanda aka ci ya tashi ya ba na bayansa wuri. Duk wanda ya ji yana da ƙarfi, sai ya zo ya ƙalubalanci mai kujera a gaban jama'a. Jama'a, wannan ba fage ba ne? Ai ko a dambe haka ake yi: ka fito, ka nuna wanda kake so, ya amsa ko ya noƙe, kowa yana kallo.

Inda muka rabu da su shi ne abin da suka yi da wasan nasu. Su ma fa an raina su. Iyayensu sun ce zaman banza ne, malamansu sun ce shashanci ne. Ba su jira gwamnati ba, ba su jira kamfani ba. A 1996 wasu samari a Kalifoniya suka shirya wata 'yar gasa, wadda a 2002 ta zama Evolution, ko EVO a taƙaice, ta kuma koma birnin Las Vegas a 2005. Ƙa'idarta ita ce kowa na iya shiga in ya biya kuɗin rajista, gwani da ɗan koyo duk layi ɗaya, kuma ba a fitar da mutum sai an ci shi sau biyu. A 2023 fiye da mutum 7,000 suka shiga gasar Street Fighter 6 kaɗai. A farkon 2024 wani ɗan Taiwan da ake kira Uma ya ci kofin Capcom, ya tafi gida da dala miliyan 1. Amma ni ba kuɗin ne ya ɗauki hankalina ba. Abin da ya ɗauke shi shi ne rubutu. Waɗannan mutane sun zauna sun ƙididdige kowane naushi da kowane shuri. Hoton wasan yana motsi sau 60 a daƙiƙa ɗaya, su kuwa sun rubuta motsi nawa kowane bugu yake ɗauka kafin ya sauka, da nawa yake ɗauka kafin mai shi ya dawo daidai. Sun tara sakamakon gasanninsu shekara da shekaru, wa ya ci wa, a ina, yaushe. Yaron da aka haifa jiya zai iya zama ya karanta tarihin gwanayen da suka yi tashe kafin a haife shi.

Ga misali ɗaya. A gasar EVO ta 2004, Daigo Umehara na Japan ya kara da Justin Wong na Amurka a wasan Street Fighter III. Ƙarfin gwarzon Daigo ya kusa ƙarewa ƙaf, har ta kai ko karewa ya yi da hannu, ɗan abin da zai ragu ya isa ya kashe shi. Justin ya sako wani hari mai shuri 15 a jere. Hanya ɗaya ce ta rage wa Daigo, watau ya ture kowane shuri daidai lokacin da zai sauka, ba gaba ba baya. Ya ture duka 15, ya juya ya kashe abokin karawarsa, ɗakin ya ɗauki ihu. Abin lura a nan shi ne Daigo bai ma ci kofin wannan wasa ba a shekarar, wani ɗan ƙasarsu ya doke shi a karon ƙarshe. Amma da yake akwai mai riƙe da kyamara a ɗakin, wannan minti ɗaya ya zama abin da miliyoyin mutane suka kalla, ana koyar da shi, ana tafka muhawara a kansa har yau.

Yanzu mu dawo gida. Wane Bahaushe ne bai ji sunan Shago ba? Wa bai ji labarin karonsa da Ɗandunawa ba? To, ina tambayar ɗalibai da malaman Hausa: in ba don Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi masa waƙa ba, in ba don rediyo ta ɗauki waƙar ba, me za mu sani game da Shago? Makaɗi ya yi aikinsa, ya kuma yi shi da kyau, amma aikin makaɗi zuga ne. Ba a tambayarsa ranar wasa, ko sau nawa aka kashe gwaninsa. Wannan aikin mai alƙalami ne. Ban manta da ƙoƙarin malamanmu ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da wasunsa sun yi aiki mai yawa a kan makaɗa da mawaƙa, Ba'amurke Edward Powe kuma ya yi littafi a kan wasannin jarunta na arewacin Nijeriya. Sai dai mu ɗalibai mun ɗauki hanya mai sauƙi. Mun mai da dambe waƙar dambe kawai. Kowace shekara sai a sami wanda zai rubuta kundi a kan salon waƙoƙin maza, ya zauna a ɗaki da abin sauraro a kunne, yana ƙirga kamance da siffantawa, alhali ga tsohon ɗan dambe can a ƙauyensu yana sayar da tsire, ba wanda ya taɓa tambayarsa wa ya koya masa ɗaure hannu.

Kuma abin takaici, dambe ya riga ya tsara mana tarihinsa, ɗauka kawai ya rage. Ku saurari sunayen 'yan wasa: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, Dogon wane. Kowane suna yana faɗa maka ubangidan da yaro ya taso a hannunsa. Salsala ce a fili. Da za a sami ɗalibi ya bi waɗannan sunaye baya-baya, daga yaro zuwa maigida, daga maigida zuwa nasa maigidan, da ya zana mana bishiyar dambe tun daga Sakkwato da Zamfara har Kano da Maraɗi. Kowane tsoho da ya mutu, reshe guda ya karye.

Wani zai ce, ai su waɗancan Japan da Amurka ne, masu kuɗi da wutar lantarki, ina mu ina su? To, ga amsa daga birnin Lahore na Pakistan. Kafin 2019 duniyar Tekken ba ta san da Pakistan ba, Koriya ta Kudu da Japan su ke rabon kofuna. Ashe a ƙananan shagunan gem na Lahore, masu zafi da ɗaukewar wuta irin namu, samari sun shekara da shekaru suna goge juna. Sai wani daga cikinsu, Arslan Siddique, wanda ake kira Arslan Ash, ya sha wahalar biza da canjin jirage ya isa Japan a watan Fabrairu na 2019, ya ci EVO ta can. A watan Agusta ya je Las Vegas ya doke Knee, babban gwanin Koriya, ya yi sujada a kan dandamali. Ya kuma shaida wa duniya cewa akwai gwanaye irinsa da yawa a gida. Kafin shekarar ta ƙare, Knee da kansa ya yi tattaki zuwa Pakistan don ya kara da su ya ƙaru. Arslan ya sake cin EVO a 2023 da 2024. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wa ya sani ko a wani shago mai rufin kwano a Bichi ko Kunci akwai yaro mai irin wannan hannu, wanda abin da yake samu daga gare mu zagi ne kawai?

Akwai kuma wani haɗari ga duk wanda bai rubuta nasa ba, watau wani zai rubuta masa. Da Capcom ta tashi sa 'yar Afirka a Street Fighter III a 1997, sai ta zana wata budurwa mai suna Elena, ta ce 'yar Kenya ce, amma salon faɗan da aka ba ta kafuwera ne, wasan da ya girma a Brazil. Ban ga laifinsu ba, abin da suka samu a rubuce da shi suka yi aiki. Haka nan a gida, tun 2017 tashar Dambe Warriors take sa damben Hausa a YouTube, ga kuma kamfanin African Warriors Fighting Championship na Maxwell Kalu da ke shirya gasa yana nuna wa duniya. Su ma ban ga laifinsu ba, har ma ina yaba musu, domin sun ga daraja a inda muka ga ƙazanta. Amma kyamara tana da buƙatarta. Tana son kisa, ba ta da haƙurin jiran take da kirari da zagayen fage, waɗanda su ne rabin wasan. In aka wayi gari duniya ta san dambe a matsayin naushi kawai, ba kalangu, ba salsala, ba kaka, kada mu zargi kowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in kuwa mai ɗakin ya yi barci, sai maƙwabci ya yi masa yaɓe yadda ya ga dama.

Na san akwai masu cewa dambe ba abin da mai ilmi zai kusanta ba ne. Za su kawo maganar layu da guraye da tsafi. Za su kawo shaye-shayen da ake yi a bakin fage. Za su ce malaman addini da yawa ba su yarda da dukan fuska ba. Duk waɗannan maganganu ne masu nauyi, ba kuma zan ce ƙarya ne ba. Ni ma zan ƙara musu da wadda ta fi damuna: ɗan dambe yana shan duka a ka shekara da shekaru, sau da yawa ba likita a bakin fage, ba wani tanadi na ranar da hannu zai mutu. Wanda aka yi wa liƙi jiya, gobe yana iya zama abin tausayi. A nan kam mai wasan kwamfuta ya fi shi sa'a, don in an kashe shi sai ya miƙe ya ba abokinsa hannu da haƙoransa cikakku. Amma ina tambaya: ƙauracewar da muka yi ta rage ko ɗaya daga cikin waɗannan? Shekara nawa muna toshe hanci, an fasa? Wa zai tsaya ya ce a auna nauyin 'yan wasa kafin a haɗa su, a duba abin da aka naɗe a hannu, a hana wanda ya suma jiya shiga fage yau, a rubuta yarjejeniya da Hausa don wanda bai yi boko ba ya san abin da ya dangwala wa hannu? Ai sai mai ilmin da ya san fage, 'yan fage kuma suka san shi. Likita ba ya warkar da ciwon da ya ƙi dubawa.

Ba sai mun je Las Vegas neman abin koyi ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun kafa gasar kokawa ta ƙasa tun 1975, wadda ake ba zakaranta takobi. Jihohi ke karɓar baƙuncinta bi da bi, an gina filaye dominta, rediyo da talabijin suna watsa ta, kuma yaro a Maraɗi zai iya jero maka zakarun tun daga Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobin. Hausawa ne irinmu, manoman gero irinmu. Bambancin kawai shi ne masu ilminsu ba su ji kunyar ƙurar fage ba.

Saboda haka ga abin da nake kira ga wannan ƙungiya tamu ta yi, kuma ba ya bukatar kuɗin gwamnati. Da fari, in hutu ya zo, kowane ɗalibi da ya fito daga karkara ya nemi Sarkin Fawa na garinsu, ya roƙe shi ya haɗa shi da tsofaffin 'yan dambe da makaɗansu. Wayar da ke aljihunsa ta isa ɗaukar magana. Ya tambayi suna da laƙabi, da ubangida, da garuruwan da aka je, da waɗanda aka kara da su, da sunayen kowane irin naushi da kariya. Na biyu, a tara waɗannan a Sashen Hausa, a rubuta su, a kuma mai da kwafi ga masu su. Na uku, malamanmu su karɓi irin wannan aiki a matsayin kundin kammala digiri, su daina barin mutum goma suna tatsar waƙa ɗaya. Na huɗu, mu tsallaka zuwa Sashen Kwamfuta mu yi zumunci. A can akwai samarin da suka san Tekken ciki da waje, suka kuma iya haɗa manhaja. Mu muna da take da kirari da ƙa'idar turmi, su suna da fasaha. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar da yaro a kasuwar Dambatta zai zauna a shagon gem ya zaɓi gwarzo mai mashi da garkuwa, kalangu na tashi, a ranar za a gane cewa na'ura ba ta da ƙabila, abin da aka zuba mata shi take nunawa.

Kafin wannan rana, ina roƙon manyanmu su sassauta wa yaran nan. Ba su suka raba gona ba, ba su suka kori samari zuwa birni ba, ba kuma su suka bar tsofaffin gwanaye suna mutuwa da tarihinsu a ciki ba. Wanda duk yake jin kishin dambe da gaske, to, ga fili ga mai doki: kaka na tafe, ƙauyukanmu ba nisa, takarda da biro ba su fi ƙarfin kowa ba. Allah ya sa mu gyara, amin.